Yadda ake ɗaga gaban a-kori-kura ya daidaita da baya, da kayan ƙafar da za a canja da waɗanda za a ƙyale

Kusan duk a-kori-kurar da ta fito daga kamfani, in ka tsaya daga gefe ka ƙare mata kallo zaka ga bayanta ya ɗara gabanta tsawo, wata da inci 1, wata 2, wata ma har ta doshi 3. Da gangan akayi haka, don in an lafta mata kaya ko an ɗaura mata tirela bayan ya zauna motar ta dawo daidai. To amma ba kowa ke dakon kaya kullum ba, kuma wasu na son sa taya mai ɗan girma, shi yasa ake ɗaga gaban. Aikin kansa ba wani mai wahala bane, inda ake rikicewa shine tambayar da kowa keyi: sai na canja ofa am (hannun ƙarfe na sama da ke riƙe tayar gaba) da shokozoba da sauran tarkacen, ko sifesa (abin da ake sakawa don ƙara tsawo) kawai ta isa? Mai sayar da kaya zai ce maka canja komai, abokinka da yayi nashi zai ce kar ka canja komai, duka biyun kuma basu leƙa ƙarƙashin motarka ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: inci nawa zaka ɗaga, da kuma halin da kayan ƙafar suke ciki yanzu.

Kayan aiki

- Jak mai ƙarfi, irin na kwance mai taya. In akwai guda biyu ya fi, don ɗaya zai riƙe maka lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe tayar gaba.
- Sitan guda biyu na tokare mota, da waigi na tayoyin baya.
- Setin soket da sifana, da dogon hannu na karya noti mai taurin kai.
- Sifanar tok, wato mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan kam kar ka ce zaka yi da ƙiyasin hannu.
- Abin ɓalle boljoyin (gaɓa mai ƙwallon ƙarfe da ke bakin am ta wajen taya), guduma, da dogon ƙarfen banƙara.
- Tef ɗin awo, alli ko maka, takarda da biro.
- Man fesawa na kashe tsatsa, giris, burushin waya, da waya ko igiya mai ƙwari.
- Abin matse sifirin, amma sai in aikin naka zai kai ga buɗe shokozoba.
- Littafin gyaran motarka, don adadin ɗaurin kowane noti yana ciki.

Kayan da za a saka kuwa kar ka saya tukuna, bari sai ka gama mataki na 4.

1. Auna motar kafin ka taɓa komai

A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen waje, iskar taya daidai, tanki kusan cike, a sauke duk kayan da ba kullum suke ciki ba. Ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a duk ƙafafu huɗun ka rubuta. Daga tsakiyar rim fa, ba daga ƙasa ba, don in daga ƙasa ka auna iskar taya da cinyewarta zasu ruɗe ka. Bambancin gaba da baya shine iyakar abin da zaka ɗaga, kuma ni shawarata kar ka cinye shi duka, ka bar wa baya kamar rabin inci. In kana yawan ɗaukar kaya ko jan tirela ka bar masa inci guda ma, in ba haka ba ranar da ka loda ta zaka ga ta ɗaga hanci sama, sitiyari yayi sakayau, fitila tana haska idon masu tahowa.

Kar kayi mamaki in ka ga hagu da dama basu zo ɗaya ba. Toyota Tacoma musamman an san ta da ɗan karkata ta ɓangaren hagu inda tanki da batir suke, har ƴar siririyar sifesa ake sayarwa ta kwatan inci don gyara wannan.

2. Gane irin ƙafar da motarka take da ita

Leƙa bayan tayar gaba. In ka ga sifirin a naɗe jikin shokozoba, ga ofa am a sama ga lowa am a ƙasa, to irin wadda ta fi yawa ce yanzu: Hilux daga 2005, Tacoma, Tundra, F-150 daga 2004, Silverado 1500 daga 2007, duk haka suke. Mafi yawan bayanin nan a kanta yake.

In babu sifirin ko kaɗan sai wani dogon sandan ƙarfe da ya taso daga am ya miƙe zuwa tsakiyar shasi, wannan toshon ba ce, kamar ta tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu da Silverado 2500HD. Ita da noti ake ɗaga ta ko a canja makullin da ke ƙarshen sandan. Na uku kuma mai aksil guda ɗaya tun daga taya zuwa taya, kamar Land Cruiser 79, Ram 2500 da F-250 mai jan ƙafa huɗu. Waɗannan basu da matsalar ofa am irin ta sauran, nasu ciwon daban ne, zan taɓo shi a gaba.

3. Binciki lafiyar kayan da ke jiki

Ɗaga mota baya gyara komai, tona asiri ma yakeyi. Boljoyin ɗin da ya fara sanyi yana lallaɓawa a inda ya saba zama, kana canja masa kwana sai ya ƙarasa mutuwa cikin ɗan lokaci, sai mutum ya ɗora wa sifesa laifi.

Ka ɗaga gaban ka tokare da sitan. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in tana motsi to boljoyin ne ko boris. Kama ta hagu da dama ka girgiza, in akwai wasa tayrod ne ko rak, wato ƙarafan da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Sa jak ƙarƙashin lowa am ka ɗan ɗaga, ka zura ƙarfen banƙara ƙarƙashin tayar ka ɗaga ta wani yana kallon boljoyin na ƙasa. Duba bushin na am duka ko sun tsage ko robar ta rabu da ƙarfe. Duba robar shaf (sandan da ke juya taya) ta ciki da ta waje ko tana feso giris. Duba jikin shokozoba, in ya jiƙe da mai har ƙura ta manne, ta tafi. Linkej ma, wato ɗan sandan da ke haɗa ƙafa da sitabilaiza mai hana mota tangaɗi a kwana, a girgiza shi. Duk abin da ka samu da lahani a nan canja shi zakayi, ko zaka ɗaga motar ko ba zaka ɗaga ba, kuma tunda za a kwance wajen ai gara ayi sau ɗaya a biya alaimen, wato saitin tayoyi, sau ɗaya.

4. Yanke shawarar abin da zaka saya

Nan ne ainihin maganar, don haka bari in ɗan tsaya a kai.

Ƙafar gaba tana da iyakar hawa da iyakar sauka, kamfani ya ajiye motar kusan a tsakiya. In ka ɗaga ta, tura am ɗin kayi ƙasa, wato motar a tsaye take amma ƙafar tana zaune kamar ta fara faɗawa rami. Daga nan duk sauran matsalolin ke fitowa: boljoyin na sama ya karkace ya kusa ƙurewa, shaf ya ƙara kwana, tayrod ya sunkuya, kasta ta ragu. Kasta ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana, in tayi kaɗan mota sai ta riƙa yawo a kan titi kana ta gyara ta da hannu.

Inci 1 zuwa 1.5: in kayan ƙafarka lafiya lau suke kar ka canja komai, sa sifesa kaje alaimen, shikenan. Duk wanda yace sai ka sayi ofa am a wannan tsawon kuɗinka yake so.

Inci 2: nan ne kan iyaka. Motoci da yawa suna ɗauka da ofa am ɗin kamfani ba matsala, wasu kuma alaimen ɗin yana zuwa amma da kyar, kasta a can ƙarshen abin da aka yarda. Ni a nan bana saye tun farko, sakawa nake in yi gwajin da ke mataki na 7, motar ce zata faɗa min.

Inci 2.5 zuwa 3: sayi ofa am, babu wani ja-in-ja. Waɗanda akeyi don wannan aikin an gyara musu mazaunin boljoyin ya zauna daidai a sabon tsawon, an ƙara musu kasta, kuma an lanƙwasa su yadda ba zasu daki sifirin ba. Abin da ya wuce inci 3 kuwa ya tashi daga daidaitawa ya koma wani babban aiki da ake sauke dif (giyar da ke raba juyi ga tayoyi biyu) da canja nokul (ƙarfen da ke riƙe cibiyar taya tsakanin am biyu), ba na yau bane.

In zaka sayi ofa am iri biyu zaka gani. Akwai mai boljoyin a rufe kamar na kamfani, akwai mai buɗaɗɗen ƙwallon ƙarfe da ake kira yunibol. Yunibol tafi juyawa sosai, masu tsere a daji ita suke so, amma a buɗe take, ƙura da laka da gishiri suna cinta, tana fara ƙiƙi-ƙiƙi in ba a wanke ta. Motar zuwa aiki da gona, ɗauki mai rufaffen boljoyin ka huta. Akwai kuma masu saiti irin na kamfanin SPC da mai alaimen zai iya matsar da boljoyin ɗin gaba ko baya, suna da amfani in kana fama da taya na gogar jiki.

Sai shokozoba. In taka ta tsufa, ɗora sifesa a kanta asarar wahala ce, don nan da ɗan lokaci zaka sake kwance wajen. Gara ka sayi shokozoba mai matakan tsawo, kamar Bilstein 5100 da take da tsagogi a jiki ana matsar da zoben da sifirin ke zama a kai, ka samu sabuwar shokozoba da ɗagawa a lokaci guda. In kuma ka ɗaura wa motar bamban ƙarfe da winci, nauyi ne ya danne gaban, maganinsa sifirin mai ƙarfi irin na Old Man Emu da makamantansu, sifesa ba zata hana gaban nutsewa a birki ba.

Wani abin da ke ruɗa sababbi: kaurin sifesa ba shine tsawon da zata baka ba. Shokozoba ba a bakin taya take ɗaure ba, a tsakiyar lowa am take, don haka ɗan abu kaɗan a wajenta yana zama da yawa a wajen taya. Sifesar da aka rubuta inci 2 zaka auna ta ka ga inci ɗaya da ɗan wani abu, ba cutarka akayi ba. Kuma kar ka yarda ka haɗa biyu, wato sifesa a sama ga shokozoba an ɗaga ta mataki na ƙarshe, wannan ne ke tsinka robar shaf da karya boljoyin.

Sifesar sauke dif da ake tallata wa masu Toyota, a ƙasa da inci 2.5 ban ga abin da take ƙarawa ba. Lowa am da tayrod kuwa in lafiyarsu ƙalau a bar su.

Masu toshon ba: ɗaure notin yana ɗaga mota kyauta, shi yasa ake wuce gona da iri. In ka ƙure shi ofa am zai zauna kan robar da ke tare shi, ƙafa ba ta da sauran wajen sauka, sai mota ta riƙa dukanka a kowane gargada. A bar tazara tsakanin am da robar, kuma a duba ko shokozoba na buƙatar ƙari ko doguwa. Masu aksil guda: sifesa kan sifirin take hawa, kusan dole ne doguwar shokozoba, kuma sandan da ke riƙe aksil ta gefe zai janyo shi ɓangare ɗaya, daga inci 2 zuwa sama ka nemi mai saiti, a kuma gyara kasta.

5. Kwancewa

Tun ana gobe aikin da dare ka fesa wa duk notunan man tsatsa. Ja birkin hannu, sa waigi, sassauta notin taya tun mota na ƙasa, ɗaga, tokare shasi da sitan ɓangare biyu. Kar ka taɓa sa jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙafafun gaba duka biyu su kasance a sama, in ɗaya na ƙasa sandan sitabilaiza zai riƙa yi maka gardama. In sitiyarin motarka na lantarki ne cire kan batir kafin ka fara buge-buge.

Cire taya. Kwance ƴan ƙananan notunan da ke riƙe tiyon birki da wayar ABS a jikin am da nokul don su samu sakewa. Cire linkej. Tokare lowa am da jak. Sassauta notin boljoyin na sama amma kar ka cire shi gaba ɗaya, bar shi a bakin zare, sannan ka ɓalle da abin ɓallewa. In babu shi, ka daki gefen nokul da guduma daidai inda sandan boljoyin ya shiga, ba kan zaren ba, amma in nokul ɗin na alminiyam ne manta da guduma, nemo kayan aikin. Yana ɓallewa ka ɗaure nokul da waya a jikin shasi. In ka bari ya faɗo waje zai finciko shaf daga cikin kofinsa na ciki ko ya ja tiyon birki, kuma mayar da shaf ɗin da ya zare ba ƙaramin ɓacin rai bane. Masu F-150 mai jan ƙafa huɗu ku ƙara kula, akwai wani abin haɗa hob (cibiyar da ake ɗaura taya) mai aiki da iska a bayan nokul, saurin lalacewa gare shi in aka matsa masa.

Wasu motocin sai ka cire tayrod ma kafin waje ya buɗe. Daga nan cire babban bolt na ƙasan shokozoba, sai notunan sama da ke kewaye, yawanci uku ne. Notin tsakiya kuwa KAR ka taɓa shi, shi ke riƙe da sifirin a matse, in ya kuɓuce zai iya raunata mutum mummunan rauni. Sauke jak a hankali ka zaro shokozobar. In lowa am ya ƙi sauka sosai, sa alama da maka a kan bolt ɗin saitinsa sannan ka sassauta su.

6. Sakawa

Sifesa mai hawa kan shokozoba daga sama bata buƙatar matse sifirin, ɗorawa kawai zakayi ka ɗaure. Karanta takardarta, don wasu sai an juya shokozobar rabin zagaye kafin ramuka su haɗu, wasu kuma sai an ɗan datse tsofaffin bolt ɗin sama don kar su tokari shasi. In kuwa irin mai shiga ciki ce ko sabuwar shokozoba zaka ɗora wa tsohon sifirin, to sai an matse. Sifirin ɗin a-kori-kura ba irin na ƙaramar mota bane, ƴan sandunan matsewa masu arha lanƙwashewa sukeyi, in baka da mai ƙarfi ka ɗauki shokozobar biyu ka kai wa mai injin matsewa na jikin bango ya haɗa maka, ka dawo ka ƙarasa sauran da kanka.

Fara rataye sama da hannu, sannan ka nemi ramin ƙasa. Shokozobar ta ƙara tsawo yanzu, sai wani ya danna maka lowa am da ƙarfen banƙara. In ofa am zaka canja yanzu ne lokacinsa, kafin ka mayar da shokozoba ma ya fi sauƙi. Lura da na hagu da na dama, kuma a wasu Toyota dogon bolt ɗinsa yana tokarar jikin bodi wajen fitowa, sai an ɗan lanƙwasa leɓen ƙarfen. Bushin ɗin roba mai tauri da ke zuwa da wasu am a cika su da giris ɗinsu, in ba haka ba kuka zasu dame ka dashi. Ɗaga lowa am da jak har boljoyin ya shiga, ɗaure, sa sabon fin in mai fin ne.

7. Gwaji kafin ka mayar da taya

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke amsa tambayar ofa am. Sauke jak ɗin da ke ƙarƙashin lowa am ƙafar ta rataye iya saukarta, sai ka duba:

- Ofa am yana taɓa sifirin ko mazauninsa? Ko ɗan shafa ne, in kana tafiya duka zai koma.
- Boljoyin na sama, wuyansa ya jingina da bakin kofinsa, ko robarsa ta matse gefe ɗaya kamar zata fashe?
- Juya hob da hannu, shaf na juyawa sumul ko yana ɗan cijewa? Ninkin robar shaf suna gogar juna sosai?
- Tiyon birki da wayar ABS sun ɗame? Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka sake dubawa.
- Linkej ko sandan sitabilaiza na kusa da taɓa sifirin?

In na farko ko na biyu ya faru, to ofa am ɗin kamfani bai ɗauki wannan tsawon ba, ko ka canja shi ko ka rage sifesa. In shaf ne ke cijewa kuwa sabon ofa am ba zai cece ka ba, tsawon ne yayi yawa, sai ragewa.

8. Ɗaurin ƙarshe a ƙasa akeyi

Duk bolt ɗin da ya ratsa bushin na roba, wato na ofa am, na lowa am da na ƙasan shokozoba, kar ka ƙarasa ɗaure shi mota na rataye. In kayi haka, tana sauka robar zata murɗe ta zauna a murɗe, ba zata daɗe ba ta yage. Mayar da taya, sauke mota, tura ta gaba da baya ka danna gaban sau biyu-uku ta zauna, sannan ka bi su da sifanar tok bisa adadin littafi. In hannunka baya shiga, ɗora tayoyin gaba kan ramp. Sake aunawa daga tsakiyar rim ka kwatanta da abin da ka rubuta, sabon sifirin zai ɗan ƙara zama bayan ƴan kwanaki don haka kar ka firgita in ya ɗan haura.

9. Alaimen, fitila da taya

Daga nan wajen alaimen zaka nufa kai tsaye, a hankali, don bakin tayoyin ya riga ya kauce kuma cin taya baya jira. Ka nemi a baka takardar sakamako ka duba kamba (karkatar saman taya ciki ko waje) da kasta, ba wai a gyara tayrod kawai ace an gama ba. Ka ce a baka kasta gwargwadon yadda zata samu, hagu da dama kusan ɗaya. In mai alaimen ya ƙure bolt ɗin saiti amma lambobin basu shigo ba, wannan ma shaida ce ta ofa am. Wani lokacin kuma ba am ɗin bane, bolt ɗin saitin ne tsatsa ta haɗe shi da bushin, abin da ya zama ruwan dare a Toyota, sai an yanke an sa sabo. F-150 kuma da yawa basa zuwa da bolt ɗin saiti daga kamfani, sai an saya an saka.

Fitilun gaba sun ɗaga tare da hancin motar, faka ta gaban bango da dare ka sauke su. In sabuwar mota ce mai kyamara a gilashi ko rada a bamba, a kai a sake musu saiti don suma kallonsu ya canja.

In ka sa manyan taya, misali daga 265/70R17 zuwa 285/70R17 wadda ta kusa inci 33, ka sani ɗagawar bata ƙara girman ramin taya ba, ranar da ƙafa ta daki tudu ta matse sama tayar zata koma inda take zuwa da. Juya sitiyari ƙarshe kana baya-baya a hankali ka saurari guga, yawanci robar cikin madigadi ce ko mazaunin bodi na bayan taya, wani lokacin ma jikin sabon ofa am ɗin in rim ɗin ya shige ciki da yawa. Agogon gudu kuma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da ɗan kaɗan. Bayan kamar kilomita 500 ka sake bin notunan sifesa, na am da na taya da sifanar tok, ka leƙa robar shaf ko ta fara zubar da giris, ka kuma duba jikin sifirin ko akwai inda fenti ya goge daidai saitin ofa am.